Sharar Teku a Hannun Masu Fasaha: Wa Ake Nuna wa Yatsa?

A watan Satumba na 2009 wani Ba'amurke mai ɗaukar hoto, Chris Jordan, ya sauka a tsibirin Midway da ke can tsakiyar Tekun Fasifik, inda nahiya mafi kusa take da nisan sama da kilomita 3,000. Gawarwakin 'ya'yan tsuntsaye ya je ɗauka, na wani ƙaton tsuntsun teku da ake kira albatros. Nama ya zagwanye, gashi ya zube, ƙashi ya fito fili, amma abin da ke cikin kowace gawa yana nan daram da launinsa: murafen kwalabe, laitar kunna taba, buroshin goge baki, gutsattsarin roba ja da shuɗi da kore. Jordan ya ce bai gusar da ko ƙwaya ɗaya ba, yadda ya tarar haka ya ɗauka. Iyayen ne ke shawagi a kan ruwa suna neman abinci. Ƙwan wani kifi da suke so yakan manne a jikin duk abin da ke yawo a saman ruwa, sai su haɗiye ƙwan da robar baki ɗaya, su koma su ɗura wa 'ya'yansu.

Tun shekarun 1960 masana ke rubuta rahoton roba a cikin waɗannan tsuntsaye, amma rahoton bai wuce mujallun masana ba. Hoton ne ya zagaya duniya, domin gani ya kori ji. Ɓarnar da aka yi a tudu tana zama inda aka yi ta: dajin da aka sare kowa zai ga kututture, juji kuma kowa zai ji wari. Ta teku kuwa ruwa ne ke rufe ta, ya kuma ɗauke ta ya kai inda mai ita ba zai ƙara ganinta ba. A 2015 Jenna Jambeck da abokan aikinta sun ƙiyasta cewa a shekarar 2010 kaɗai, roba tan miliyan 4.8 zuwa miliyan 12.7 ce ta shiga teku daga ƙasashe 192 masu gaɓar ruwa. In aka ɗauki tsaka-tsaki, tan miliyan 8, lissafin ya kama kimanin tan 15 a kowane minti. Ba mai iya riƙe wannan a kansa. Aikin masu zane da sassaƙa da ɗaukar hoto a nan shi ne su ɗebo abin da ruwa ya ɓoye su ajiye shi gaban ido.

Sai dai nuna ɓarna ba shi ne mai wuya ba. Duk wanda ya je bakin teku da buhu zai dawo da abin nunawa. Ma'aunin da nake ganin ya dace a auna waɗannan ayyuka da shi shi ne: bayan mai kallo ya gama kallo, laifin wa zai gani, kuma me zai ɗauka shi ne magani? A nan ne ayyukan suka sha bamban ƙwarai, har wasu da suka fi kyan gani suka zama su ne mafi rauni.

Ido yana da son rai, abu mai launi yake bi. Mutane da yawa sun ji labarin tarin sharar da ke tsakanin Hawaii da Kalifoniya, suna kuma zaton wani tsibiri ne da za a iya takawa a kai. Ba haka yake ba. Ya fi kama da ƙasarin da aka wanke surfe, dusa na yawo a ciki: jirgi zai iya ratsawa fasinja bai lura ba. Binciken da aka wallafa a 2018 ya ce faɗin wurin ya kai murabba'in kilomita miliyan 1.6, wato ya fi Najeriya ɗaya da rabi, kuma aƙalla kashi 46 cikin 100 na nauyin abin da ke ciki ragar kamun kifi ce da manyan jirage suka yar ko ta tsinke musu. Amma raga mai launin toka ba ta jan hankali. Abin da ya ja hankali shi ne bidiyon da wata mai bincike, Christine Figgener, ta ɗauka a Kosta Rika a 2015, ana zaro tsinken shan lemo daga hancin kunkurun teku, jini na zuba. Cikin 'yan shekaru birane da kamfanoni da ma Tarayyar Turai suka shiga hana tsinken roba, abin da bai kai ko kashi 1 cikin 100 na sharar teku ba. Hoto ya motsa doka, ba shakka, amma ya kai ta inda ya fi sauƙi, jiragen kamun kifi kuma suka ci gaba da harkarsu.

A gaɓar Kenya silifa ne igiyar ruwa ke kawowa, wasu na gida, wasu daga can Asiya. A 1997 wata mai aikin kare halittun ruwa, Julie Church, ta ga yaran tsibirin Kiwayu suna yin kayan wasa da su. Daga nan aka samu tushen kamfanin Ocean Sole da ke Nairobi, inda ake wanke silifan, a manne su da gam, masassaƙa su fere su da wuƙa su fitar da raƙumin dawa da giwa da kunkuru, a sayar wa masu yawon buɗe ido da shagunan ƙasashen waje. A Lamu kuma wani gwanin haɗa jiragen ruwa na gargajiya, Ali Skanda, shi da abokan aikinsa suka narka roba kimanin tan 10 suka yi katako da ita, suka haɗa jirgi mai tafiya da iska, suka lulluɓe jikinsa da silifa 30,000. Sunansa Flipflopi. A farkon 2019 ya tashi daga Lamu zuwa Zanzibar, tafiyar kilomita 500, yana yada zango gari-gari ana tara 'yan makaranta da masunta da hukumomi. A 2021 aka kai shi Tafkin Biktoriya.

Jirgin nan yana burge ni, saboda ba sai an shiga ɗakin baje koli an biya kuɗi kafin a gan shi ba, kuma masunta ne alƙalansa: ko dai ya yi tafiya ko ya nutse. Amma robar da ta shiga jikinsa duka ba ta kai abin da ke kwarara teku cikin minti ɗaya ba. Haɗarin kuma shi ne darasin da mai kallo zai iya tafiya da shi, cewa shara arziki ce, a dai tattara a sake sarrafawa. Lissafin da Roland Geyer da abokansa suka fitar a 2017 ya nuna cewa daga 1950 zuwa 2015 an yi roba tan biliyan 8.3, kuma cikin wadda ta zama shara kashi 9 cikin 100 kacal aka sake sarrafawa, aka ƙona kashi 12, sauran kashi 79 suna jibge a juji ko warwatse a ƙasa da ruwa. 'Yan bola jari sun san dalili ba sai an karanta musu ba: ƙarfe da gorar ruwa da roba mai kauri suna da mai saye, amma 'yar siririyar baƙar leda wa zai biya kuɗin kirki a kanta? Sabuwar roba da ake yi daga man fetur da iskar gas tana da arha, ire-iren roba ba sa haɗuwa a narka su wuri ɗaya, kuma duk narkawa ƙarfinta raguwa yake yi. A yi wa masu Flipflopi adalci, su ma sun san haka, shi ya sa kiransu na ainihi shi ne a hana robar da ake amfani da ita sau ɗaya a yar a duk gabashin Afirka. Kenya ta riga ta hana leda tun Agustan 2017, da hukuncin da zai iya kaiwa ɗaurin shekara huɗu. Amma raƙumin dawan da ke kan kantar filin jirgin sama ba ya faɗin wannan. Shi dai kyakkyawa ne, mai saye kuma ya tafi da jin cewa ya sauke nauyi.

A Akra aikin ya ɗauki wata hanya. Serge Attukwei Clottey, haifaffen 1985, yana aiki a unguwar La da ke bakin teku, kuma kayan aikinsa ruwan ɗorawar jarkar nan ce da ake shigo da man girki a ciki. Lokacin da Akra ta sha ƙarancin ruwa a zamanin Shugaba John Kufuor, wanda ya yi mulki daga 2001 zuwa 2009, jarkar ta zama abin ɗiban ruwan kowane gida, har aka laƙaba mata sunan shugaban. In ta tsufa ta fashe sai a jefar, ta toshe lambatu, ruwan sama ya kai ta teku. Clottey da matasan unguwarsu sukan sayo su, su yayyanka ƙanana-ƙanana, su huda, su ɗinke da wayar tagulla, ya zama wani makeken mayafi da za a iya rataya a bango ko a shimfiɗa a titi. Sun sha lulluɓe lungunan La da shi. Babu hoton kifi ko kunkuru a ciki, babu ma siffar wani mai rai, amma duk ɗan Ghana da ya gani ya san labarin: mai da aka shigo da shi daga waje, famfon da ya ƙafe, mata da yara a layin ruwa tun asuba. Sharar tana ɗauke da tarihin yadda aka yi ta zo. Sannan ga inda aikin ke ƙarewa: masu kuɗin Turai da Amurka ne ke saye, wato kayan na sake hawa jirgi suna tsallaka tekun, wannan karon da tsada. Clottey da kansa yakan bayyana hakan a matsayin mayar da kaya ga masu shi. Ana iya yi wa wannan dariya, ana iya cewa wayo ne na kasuwa, amma aƙalla aikin yana tambayar daga ina.

Tambayar ta fi zafi a batun gwanjo. Ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi kimanin miliyan 15 ke shiga kasuwar Kantamanto ta Akra a kowane mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 suna fita a matsayin shara. Duk wanda ya taɓa fasa dila ya san yadda abin yake: ka biya kuɗi ba ka ga abin da ke ciki ba, na sama ya yi kyau, na ƙasa ko kyauta ba mai karɓa. Mafi yawan zaren da ake saƙa tufafi da shi a duniya yau roba ne, ba ya ruɓewa. Abin da ya rage yakan bi kogin Odaw, wanda magudanar Nima ma a cikinsa take zuba, ya faɗa tafkin Korle, ya fita teku, igiyar ruwa ta murɗe shi ya zama dogayen igiyoyi da ke binne cikin yashin Jamestown suna cika komar masunta. Kenya ma haka take fama da nata gwanjon. A 2022 wata ƙungiyar masu fasaha ta Nairobi, Nest Collective, ta gina ɗaki sukutum da dilolin tsumma a tsakiyar wani lambun shaƙatawa a birnin Kassel na Jamus, lokacin babban bajen kolin documenta. Ba su gyara tsumman ya yi kyau ba. Sun ajiye shi ne a ƙofar waɗanda ke zuba tsofaffin kayansu cikin akwatin sadaka suna ganin alheri suka yi.

A Dakar kuma Fabrice Monteiro, wanda aka haifa a Beljiyam ya tashi a Benin, ya fara wani jerin hotuna a 2013 tare da wani maɗinki ɗan Senegal da ake kira Doulsy. Suka ɗinka wa mutane tufafi da sharar wurin da za a ɗauki hoton, suka tsayar da su a matsayin aljanu da suka fito don ɓarna ta ishe su: ɗaya a jujin Mbeubeuss, doguwa, rigarta ta leda ta haɗe da tsaunin shara; wata tana fitowa daga ruwan gaɓar Hann, inda jinin mayanka da dattin masana'antu ke kwarara, gaɓar da a da ake sa ta cikin mafi kyau a yammacin Afirka. Bahaushen da aka hana shi wasa a juji da magariba yana yaro, wanda ya ji labarin 'yan ruwa, ba ya buƙatar a yi masa fassarar waɗannan hotuna. Monteiro ya gane cewa jadawalin alƙaluma ba ya tsorata kowa, amma a ce wa mutum wurin nan yana da masu shi, kuma ransu ya ɓaci, wannan magana ce da kunne ya saba da ita. Rauninsu ɗaya: sun yi kyau har mutum zai iya rataya su a falo ya manta da warin Hann.

Mai karatu a Kaduna ko Yamai zai iya cewa ina ruwansa da teku. Akwai ruwansa, amma kada a zuzuta. Kogin Kaduna da na Rima duk a Kwara suke zuba, Gongola ta shiga Binuwai a Numan, su haɗu a Lakwaja su gangara Atlantika. Wani bincike na 2017 ya sa Kwara da Nilu cikin koguna goma da suka fi kai roba teku. Wani na 2021 ya gyara lissafin, ya ce koguna sama da 1,000 ne ke ɗauke da kashi 80 cikin 100, yawancinsu ƙanana da ke ratsa biranen bakin teku, wato magudanan Legas sun fi Kaduna hannu a ciki. Ruwan Kano ma ba ya zuwa teku sam, Haɗeja yake bi ya nufi Tafkin Chadi. Ledarmu yawanci a nan take zama tare da mu, kuma mahauta sun fi kowa sani, don su ke ciro ta dunƙule-dunƙule daga tumbin shanu da awaki.

Batun wa ake ɗora wa laifi yana da tarihi. A 1953 jihar Vermont ta Amurka ta hana sayar da giya a kwalbar da ba a mayarwa. A shekarar ce kamfanonin gwangwani da kwalba da abin sha suka kafa ƙungiyar Keep America Beautiful, wadda a 1971 ta fitar da shahararren tallan nan na wani mutum cikin shigar 'yan asalin Amurka yana zubar da hawaye don an watsa shara. Saƙon shi ne mutane ne ke ƙazanta, mutane ne za su daina. An bar jaki ana dukan taiki, kuma da fasaha aka yi dukan. Shi ya sa ya kamata a riƙa duba wa ya biya kuɗin kowane ƙaton kifin roba da aka girke a dandali. Kamfanin mai na BP ya shekara 26 yana ɗaukar nauyin gidajen baje kolin Tate na Ingila. Bayan fashewar rijiyarsa a Tekun Meksiko a Afrilun 2010, wadda ta kashe mutum 11 ta kuma yi kwana 87 tana aman mai, wasu masu fasaha na ƙungiyar Liberate Tate suka riƙa shiga gidan suna kwarara baƙin ruwa mai kama da ɗanyen mai, har aka raba gari a 2017. Tun 2018 kuma masu sa kai na Break Free From Plastic ke tsintar shara suna karanta sunan da ke jikinta, Coca-Cola kuma ta yi ta zuwa ta ɗaya shekara bayan shekara.

Aikin da ya ambaci suna ba ya samun tarbar da raƙumin dawa ke samu. Sokari Douglas Camp, 'yar asalin Buguma a jihar Ribas, ta ƙera wata motar bas ta ƙarfe a 2006 don tunawa da Ken Saro-Wiwa da 'yan Ogoni takwas da aka rataye tare da shi ranar 10 ga Nuwamban 1995, ɗauke da kalamansa na zargin kamfanonin mai, da gangunan mai a samanta. Ta yi shekaru tana zagaya biranen Ingila. Da aka turo ta Najeriya a 2015, kwastan suka riƙe ta a tashar jiragen ruwan Legas. Shugaban hukumar a lokacin, Kanar Hameed Ali mai ritaya, yana cikin kotun da ta yanke wa Saro-Wiwa hukunci. Shekara huɗu kafin nan Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce gyara ƙasar Ogoni da fadamunta masu zuba a teku zai ci shekara 25 zuwa 30.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta da launi ko kaɗan. Teku ya shanye kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da hayaƙinmu ya jawo, tsamin ruwansa ya ƙaru da kimanin kashi 30 cikin 100 tun farkon zamanin masana'antu, abin da ke hana murjani da dodon koɗi gina ɓawonsu. A Muritaniya da Senegal da Gambiya ana niƙa ƙananan kifayen da talaka ke ci a yi garin ciyar da kifin gona da dabbobi a Turai da Asiya, matasan masunta kuma suna cika kwale-kwalen da babu kifi suna nufar tsibiran Kanari. Yaya za a sassaƙa kifin da babu shi? Wasu sun gwada. Tagwaye 'yan Ostireliya, Margaret da Christine Wertheim, sun fara saƙa duwatsun murjani da kwarashi a 2005, dubban mata a ƙasashe da dama suka sa hannu, wani sashe da launi, wani fari fat kamar murjanin da zafi ya kashe. Amma irin wannan kaɗan ne, roba ce ta cinye fagen don ita ce ake iya tsinta da hannu.

Wanda ya fi fitowa fili da maganar tushe shi ne Benjamin Von Wong ɗan Kanada. A taron muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya a Nairobi a 2022 ya kafa wani ƙaton famfo a sama, yana kwararo robar da aka tsinto a unguwar Kibera, a daidai hanyar da wakilai ke bi. Ranar 2 ga Maris ƙasashe 175 suka amince a rubuta yarjejeniya kan sharar roba wadda za ta ɗaure kowa kafin ƙarshen 2024. Ba famfon ne ya jawo haka ba, an shekara ana fafutuka, amma ya faɗi abin da ake jayayya a kai ba tare da kwana-kwana ba: a rage yawan robar da ake yi, wadda ta haura tan miliyan 400 a shekara, ko a tsaya kan kwashe shara kawai? A Busan ta Koriya ta Kudu, Disamban 2024, ƙasashe sama da 100 suka nemi a sa iyaka, masu arzikin mai irin su Saudiyya da Rasha da Iran suka ƙi. Da yake sai kowa ya yarda ake zartarwa, ƙin tsirarun ya wadatar. A Geneva, Agustan 2025, Von Wong ya sake girke wani aikin a ƙofar zauren yana ƙara masa shara kullum, aka kuma tashi ranar 15 ga wata babu yarjejeniya.

Najeriya ba 'yar kallo ba ce a wannan jayayya. Ƙasa ce mai mai, ana yin ɗanyar roba a Eleme, matatar Dangote da ke bakin teku a Lekki ita ma ta fara fitar da tata a 2025. Jihar Legas ta hana farar robar zuba abinci mai kama da soso a Janairun 2024, ta faɗaɗa hanin zuwa tsinken lemo da cokulan roba da siririyar leda daga 1 ga Yulin 2025. Gorar ruwa da ledar fiya wata, waɗanda su ne suka fi cika magudanan birnin, ba sa cikin jerin, domin miliyoyin mutanen da famfon gwamnati bai kai gare su ba da su suke sha.